Malamin da Fanka ta Jefar

A unguwar Minanata, in ka tambayi gidan Malam Jelani mai koyar da lissafi, sai a tsaya ana kallon juna. Amma ka ce wanda fanka ta jefar, kowa zai nuna maka ƙofar.

Bazara ce, zafin Sakkwato ya kai inda ya kai. Matarsa Wasila ta yayyafa wa siminti ruwa don ɗaki ya yi sanyi. Shi kuwa ya shigo ba takalmi, ya kama wayar fanka zai ɗaura, tunda ba wuta tun safe. Sai aka kawo ta. Malam ya yi sama ya faɗa kwandon albasa. Da ya farfaɗo, maimakon salati, cewa ya yi, "Wasila, na ga haske, kuma idona a rufe!"

Abin kunyar, wutar lantarki ita ce aikinsa, a takarda dai. Shekara da shekaru yana lissafin wata 'yar na'ura da masana ke dasa wa makafi a ido: yawan wutar da za ta aika wa jijiyar gani, da tsawon lokacin, har ƙwaƙwalwa ta ga ɗigon haske. In ta yi kaɗan jijiya ba ta motsawa, in ta yi yawa ta ƙone. Tsakanin nan yake nema. Bai taɓa riƙe na'urar ba, a kwamfuta yake gwada komai.

Don kakarsa Hajiya Hindu ya faro aikin, wadda idonta ya mutu tun yana sakandare. Ta yi masa alkawari duk ranar da abin ya iso garin nan, ita za a fara sa wa. Labarin fanka na isa gidanta a Ƙofar Rini, ta aiko cewa ta fasa.

Ya sayi goro ya tafi lallashi.

"Angon banza," in ji ta, tana laluben ƙullutun da ke ƙeyarsa. "Kai da fanka tak kayar, kai zan ba idona? Bar ni da duhuna, shi bai taɓa jefa ni cikin albasa ba."

Matan gida suka fashe da dariya. Ita ma tana yi, amma ba ta saki kan ba, goron ma tuni ya shige bakin zane.

Jelani ya ƙara matsowa.

"Haba amarya, ai don ke na ɗanɗana wutar. Wadda ta yi yawa na san ta yanzu. Saura in gano taki."