Evaristo Mai Birki da Jar Motar Ƙanin Matarsa

A unguwarmu ta Tivolí, cikin Santiago, babu titin da yake kwance. Ko dai kana hawa, ko kana gangarawa bakin teku. Shi ya sa duk mai tsohuwar mota ya san Evaristo Duany. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana gyaran birki a ƙarƙashin rumfar kwanon da ke jikin gidansa, katanga ce kawai ta raba mu. Ba ya taɓa inji, ba ruwansa da fenti. A da, in ya gama aiki, da kansa yake hawa motar ya gangara da ita, ya taka ya ji, sannan ya miƙa wa mai ita makulli.

Ƙanin matarsa, Reinerio, yana da wata jar motar tsere mai kujera biyu, marar rufi, ƙirar 1957, gadon mahaifinsu. Ya sa mata inji mai ƙarfi, ya bar mata tsohon birkinta mai ganga. Ranar da ya kusa hawa kan amalanken mai ayaba, sai ga shi ya turo ta rumfa.

"Kai dai ba ka da kai," in ji Evaristo. "Ka koya mata gudu, ba ka koya mata tsayawa ba."

"To ai ga ka nan, tsoho. Me ya sa muka ba ka yayata? Asabar ta sama auren Yusimí, a cikinta zan kai 'yata coci."

Evaristo ya ciro birkin faifai, wanda ya fi mai ganga kamawa, daga wata matacciyar motar Rasha, ya sa aka yanka masa ƙarafan da za su riƙe shi a ƙafafun gaba, ya canza bututai, ya zuba sabon man birki. Kwana tara ya yi a kai. Da ya hau ya taka, sai ya ce ya ji kamar ya taka burodi. Ya ce iska ce ta shiga. Ya kira matarsa Migdalia ta zauna tana ta danna birki, shi yana ƙasa yana fitar da iska. Sau uku suka yi haka, bai ji wani canji ba.

Ranar Alhamis haƙurin Reinerio ya ƙare, ya fizge makulli.

"Shigo mu gani. In mutuwa ce, mu tafi tare, ni dai na huta da kai."

Suka gangara. A tsakiyar gangaren Reinerio ya taka, motar ta ƙame wuri ɗaya, goshin Evaristo ya bugi gilashi.

"Wannan ne burodin?" Reinerio ya fashe da dariya. "Birkin nan ko jirgin ƙasa zai tsayar!"

Evaristo bai yi dariya ba. Da suka dawo ya zauna kan bokiti ya cire takalmin dama. Ina tsaye a wurin, na kawo masa kofi. Ƙusa ce ta huda tafin takalmin ta shige ƙafarsa, safa ta manne da busasshen jini. Migdalia ta dafe ƙirji.

"Tsoho, tun yaushe?"

"Ban sani ba," ya ce. "Ban ji komai ba."

Likitar unguwa ta ce ciwon suga ne ya daɗe yana kashe masa jijiyoyin ƙafa. Ranar auren yana kwance a asibiti, aka yanke masa yatsu biyu.

Ba yatsun ne suka dame shi ba. Yana kan gado ya sa Migdalia ta tuno masa duk motar da ya sallama tun farkon shekara. Goma sha ɗaya ne. Yana fitowa, da sanda, ya bi masu su gida gida, ya ce su dawo da su. Wasu suka ce ya zauce. Goma lafiya lau suke. Ta sha ɗayan, wata baƙar tasi mai kai mutane garin El Cobre kullum, birkinta na baya ya kusa ƙarewa, kuma shi ya gwada ta ya ce ta yi.

Direban tasin ya ce, "Haba maigida, ai ba abin da ya faru."

"Mutum shida kake ɗauka," in ji Evaristo, "har da mata masu goyo."

Har yanzu yana aiki, hannunsa bai manta komai ba. Amma yanzu mai mota ne yake gwadawa, shi yana gefe yana tambaya: ya kama da wuri? Ta ja hagu? Ka tabbata? Sai ya tambaya sau uku, ya kuma bi motar da ido har ta sha kwana. A watan jiya aka kawo masa babbar motar ɗaukar ma'aikatan gonar kofi, ya zagaya ta sau ɗaya ya ce su kai wani wuri. Migdalia ta gaya min ranar ko shinkafa da waken da ta zuba masa bai taɓa ba.