Lambar Mai Kujerar Gwanjo

Maƙwabciyata mai ɗinki ce. Shekara ashirin tana aiki a ɗaki ɗaya mai fuskantar titi, allura a leɓe, ƙafa kan keke, kuma ba ta taɓa riƙe littafin awo ba. Da alli take rubuta komai a gefen teburin yanka, in ta gama ta shafe da tsumma. Tun da maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa, nakan je wajenta bayan la'asar ina sa mata maɓalli.

Mahaifiyarta, da duk muke kira Inna, tana kwance a ɗakin baya, ɓarin jikinta ya shanye. A da tana da kujera mai taya. Yayan mai ɗinkin, wani dillali da ƙamshin turarensa kan riga shi shiga ɗaki, ya ɗauke ta wai zai kai gyara. Wata uku shiru. Kullum mai gyaran ya yi tafiya. Inna ta daina ganin rana, bayanta ya fara gyambo, ranar asibiti kuwa sai goyo.

Da ta gaji da jira, mai ɗinkin ta ga irin kujerar a wani shafin gwanjo cikin wayarta. Kwana uku tana tayawa, duk abin da ta sa sai wani ya ɗora a kai. Ranar ƙarshe ta ci, ta biya nan take.

Saura sanin inda kujerar take. Mai sayarwa bai sa suna ba, "Mai Amana" kawai ya rubuta. Muka haɗa kai kan wayar, ta danna nan, ta danna can, ni da gilashin idona ba abin da na tsinana. Can ƙasa, cikin saƙon da ya ce ta yi nasara, ta ga wani ɗan rubutu shuɗi. Tana taɓawa lamba ta fito.

Ta kwafe ta da alli a teburi, sannan ta shiga dannawa ɗaya bayan ɗaya. Ba ta kai ƙarshe ba wayar ta ƙarasa mata da kanta, ta rubuto "Yaya".

Ta daɗe tana kallo, sannan ta kira, ta buɗe murya yadda zan ji.

"Yaya, ni ce na ci kujerar."

Sai ya yi dariya. "Ke ce kika nace haka? Ai da kin faɗa mini, da na ce wa abokina ya daina ɗora miki."

"Kujerar Inna ce fa."

"To ai gida za ta dawo, ƙanwata. Kin ga ba a yi asara ba. Ki turo a ɗauka, ina da baƙi."

 Na ja carbina na yi ta istigfari, don abin da ke kan harshena ba na faɗi ba ne.

Ita kuwa ta kashe wayar. Ta je da kanta ta turo kujerar ta tsakiyar titi, ta wanke ta da sabulu sau biyu, ta ɗinka mata sabon matashi.

Inna ta shafa hannun kujerar da hannunta mai lafiya. "An gyara?"

"An gyara, Inna."

Washegari sai ga yayan da babbar riga. Shi ya karɓi kujerar daga hannun ƙanwarsa, ya tura Inna bakin ƙofa inda masu wucewa za su gani. Tsohuwa ta ɗaga fuska ga rana, hawaye na bin kumatunta, tana cewa, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Ya ce amin da ƙarfi. Mai ɗinkin ta kalle ni, ta girgiza kai kaɗan, alamar kar in yi magana.  Da ya juyo yana gaishe ni, na duƙa na gyara wa Inna bargo a ƙafa har ya gaji ya tafi.