Hannun Inna da Gilashin Waya

Tun Khaulat tana 'yar shekara bakwai mutanen unguwarsu a Yelwan Yauri suka daina ajiye rediyo kusa da ita. Ta kwance ta babanta don ta ga masu maganar da ke ciki, ta sha duka, washegari ta kwance tocila. Uwarta, Inna Halima mai bandar kifi, ita kaɗai ke cewa a ƙyale ta, yarinyar so take ta sani.

Da ta gama difloma sai wani ƙaramin kamfani ya ɗauke ta aiki. Suna da manhaja ta waya: mai banda ta ɗauki hoton kifinta ta tura, dillalan Kontagora da Abuja su gani su saya, ba sai ta jira ranar kasuwa ba. Aikin Khaulat shi ne koya wa matan.

Ta yi yadda aka koya mata: ɗakin taro, majigi, kujerun roba, lemon kwalba. Mata arba'in suka zo, sun sha wanka da turare kamar masu zuwa suna. Kowacce ta latsa, hoto ya tafi.

"Kun gane?"

"Mun gane, Malama!" Muryar Inna ma ta fi ta kowa.

Sau uku ana wannan taro, amma ko hoto ɗaya bai taɓa zuwa daga wurin banda ba. Shugabanta ya kira ya ce ya ba ta sati biyu. In shiru, za a kwashe shirin daga Yauri, aikinta ma ya bi shi.

Ta ji tsoro, amma mamaki ya fi cin ta. Abin da hannu ya iya ranar Asabar, me zai mantar da shi ranar Litinin? Ta sa takalmi ta gangara bakin ruwa, wurin masu banda, inda rabonta da zuwa tun tana sakandare.

Tabawa, aminiyar Inna, mace mai faɗin magana ba kwana, tana juya tarwaɗa a kan gangar banda. Khaulat ta roƙe ta ta tura hoto ɗaya a gabanta. Tabawa ta zaro waya daga zani, ta latsa, ta ƙara latsawa. Gilashin ya yi dame-dame da man kifi, wayar ko gezau.

"Kin gani, ɗiyata? Wayagga ba ta son hannun aiki. Can ɗakinki da hannun biki munka tahi."

"Me ya hana ku faɗa min?"

Tabawa ta nuna Inna da baki. "Ita ta ce kowa ta yi kurum, kada a kunyata ɗiyarta gaban mutane."

Inna ta duƙar da kai tana gyara itace. Kunya ta kama Khaulat, da tausayi. Sai kuma tsohon halin ya motsa. Ta tsoma hannu cikin kwandon kifi, ta ɗauki wayar ta gwada. Babban yatsa ya ƙi. Ƙaramin ya ƙi. Ta gwada da hanci, matan suka fashe da dariya har da riƙe ciki. Ta lanƙwashe yatsa ta ƙwanƙwasa da bayansa, inda mai bai taɓa ba. Kyamara ta buɗe.

Daga ranar aji ya koma cikin hayaƙi, kuma doka ɗaya ce: ba mai wanke hannu. Khaulat ta daina tambayar "kun gane?", sai dai "nuna min". Matan suka mai da abin gasa, kowacce na kushe hoton kifin 'yar'uwarta, Tabawa na alƙalanci ba wanda ya naɗa ta.

Kafin wa'adi ya cika hotuna sun yi yawan da shugaban bai sake maganar kwashewa ba. Amma guda ɗaya Khaulat ta ajiye, wanda ya fara shigowa. A karkace yake, rabin kifin karfasa kawai ya fito, gefe kuma ga wani yatsa baƙi da hayaƙi, mai tsohon tabon wuƙa da ta sani tun tana goye. Ƙarƙashinsa akwai saƙon murya.

"Malama, wanga karon na gane da gaske."