Ƙasar Tsakar Gidan Inna Uwani

Naja'atu ta zo tana dariya, ta zaro mini harshe in ga yadda ya zama kore. 'Yar yayana Abdussamad ce, shekararta uku. A hannunta akwai gwangwanin tumatir da take wasan girki da shi, da ɗan sauran koren ruwa a ƙasansa.

"Mi kis sha?" na tambaye ta.

"Lemu," ta ce. "Da zaƙi."

Ina tsaye ina kallon gwangwanin Inna Uwani ta fito daga madafa.

Inna Uwani matar baffana Barau ce, direban a-kori-kura mai jigilar buhuna tsakanin Anka da Gummi. 'Yar Dareta ce. A shekarar da gubar dalma ta kashe yara a garin, lokacin da ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, ta binne 'ya'yanta biyu. Ta ga ma'aikata sun zo sun kankare ƙasar tsakar gidanta, inda yaran suka yi rarrafe, sun kwashe ta a buhuna. Ba ta ƙara haihuwa ba. Da suka komo Anka, sai ta zama matar da ba ta yarda wani baƙon abu ya taɓa ƙasar gidanta. Ko tsohon batirin tocila sai ta ƙulle shi a leda.

Tun da na gama jami'a na dawo ina jiran takardar bautar ƙasa, na sha ganin yadda ake sauya koren ruwan lagireto, mai sanyaya injin mota, a gidan. Baffa ba ya son kai motar gareji don wannan, ya ce can a ƙasa suke zubarwa awaki suna lasa. Sai inji ya kwana ya huce. Inna ta shimfiɗa tamfol a ƙarƙashin mota, ta ajiye roba mai faɗi, sannan Baffa ya kwanta ya kwance murfin ƙasa a hankali. Idan ruwan ya gama tsiyaya, ita ce ke ɗura shi a jarka da mazurari, ta ɗaure bakin da leda, ta rataye a rumbu inda hannun yaro ba ya kai.

"Hajiya likita," Baffa kan ce daga ƙarƙashin motar, "a ba ni izini in yi tari?"

"Yi tarinka, amma kan tamfol."

Ranar nan ma haka aka yi. Bunsurun maƙwabta ne ya shigo da gudu ya ture robar, ruwa ya malalo ya wuce gefen tamfol. Su biyun suka bi shi don su kore shi waje. Ɗan wannan lokacin ya ishi Naja'atu.

Mata suka taru. Wata ta ce a ba ta manja, wata ta ce nono. Uwar yarinyar ta ce, "Inna, lahiya lau take, ga ta tana wasa."

"Nawa ma suna wasa," in ji Inna Uwani. Ba ta ɗaga murya ba. "Barau, tada mota."

"Uwani, babu ruwa cikinta, yanzu munka zubar."

Ta wuce bakin rijiya. Ban taɓa ganin mutum ya ja guga da irin wannan sauri ba. Baffa ya koma ƙarƙashin mota yana mayar da murfi, ita tana tsaye a kansa tana zuba ruwan rijiya a lagireto har ya cika. Ta saka gwangwanin da tsohuwar jarkar da aka sayo ruwan a cikinta a leda, ta miƙa wa Abdussamad.

"Ka nuna wa likita abin da tas sha. Kada ka ce ba ta sha da yawa ba, ba ka sani ba."

Na zaci za ta bi su. Ba ta bi ba. Motar na fita ta ɗauki hauya ta kankare duk inda ƙasa ta jiƙe, har da inda ba ta jiƙe ba, ta zuba a buhu. Na riƙe mata bakin buhun, ina kuka, ita tana aiki. Da ta gama ta ɗebo yashi daga bayan gida ta baza, ta daddanna da tafin ƙafa.

"Nan za ta zauna in ta komo," ta ce.



Daga asibitin Anka an tura su Gusau. Abdussamad ya kira da la'asar, ya ce Naja'atu ta yi amai kuma tana yawan barci, an sa mata ruwa, an ɗibi jininta don a duba ƙodarta. Likita ya ce kawo ta da wuri ya taimaka, amma bai ce ta tsira ba. Inna Uwani na zaune a kan tabarma kusa da sabon yashin, wayata a cinyarta. Sakamakon jinin bai fito ba tukuna.