Bai Kai Awo Ba

Shekara talatin da ɗoriya mai famfo ya yi yana bin gidajen mutane da jakar sifana. Kunne yake karawa a bango ya ce, "Nan zai fashe," kuma nan ɗin ne. Matarsa takan ce da yana sauraronta kamar yadda yake sauraron bango, da ba a taɓa jin kansu ba.

Ciwon baya ne ya kai shi asibiti, hoto ya nuna babbar jijiyar jinin cikinsa ta kumbura. Wata ƙaramar likita ta ɗora hoton a kwamfuta, ta nuna masa shi da matarsa gudun jinin: a wata kwana yana juyi yana dukan gefe, wurin ya yi ja wur.

"'Yata, ai wannan aikina ne," in ji shi. "Bututu a gwiwa, wurin lanƙwasa, yake fashewa, inda ruwa ke duka, komai sirantarsa."

"Abin da nake tsoro ke nan, Baba."

Babban likita kuwa ko kallon kwamfutar bai yi ba. "Santimita biyar ce. Sai ta kai biyar da rabi muke fiɗa, fiɗar ma da nata haɗarin. Ku dawo bayan wata shida."

Washegari mai famfo ya koma da guntun bututu siriri, fasasshe a gwiwa, ya dangwara a teburin babban likita. "Likita, auna mini wannan." Maigadi aka kira ya raka shi waje kamar ɓarawo, matarsa na biye da bututun a hannu.

Sati shida bayan nan, yana ɗaure kan famfo a gidan wani, ya dafe ciki ya zauna. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Matar ba ta ja da ikon Allah, kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma duk sanda ta tuna hannun maigadin nan a kafaɗar mijinta, carbi tsayawa yake a yatsunta.

Ta fita takaba saura kwana biyar ranar komawa asibiti da aka ba su. Da ranar ta zo, ta ɗauki katinsa, ta bi layi har aka kira lambarsa.

"Mama, ina marar lafiyar?" in ji babban likita, idonsa a takarda.

Ta kwance bakin mayafinta, ta ajiye guntun bututun a gabansa.

"Bai kai awo ba, likita. An dai binne shi a haka. Ka rubuta, sannan ka kira maigadin."