Ya Kaka da Bangon Ɗakin Jego

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da la'asar ɗin ranar Talata, 19 ga Agusta, bangon ɗaki ya faɗo wa yayata Ya Kaka a gidanta da ke Yindiski. Kafin mu tono ta, rai ya yi halinsa.

Ya Kaka, ke ba a taɓa naki a kwana lafiya. Muna yara, kin fasa wa wani ƙato baki a bakin rijiya don ya ture ni, kika dawo gida kika zane ni don na yi kuka. Da kika girma, duk matar da naƙuda ta kama a unguwa ke ake bugo wa ƙofa. Ki tafi kina faɗa, ki dawo kina faɗa, amma ba ki taɓa ƙin zuwa ba.

Da autarki Sauda ta zo gida wankan jego, kika bar mata ɗakinki, ginin ƙasa da aka shafe da siminti. Don kada sanyin damina ya shigi mai jego, kika toshe taga da buhu, kika riƙa shigar da ruwan wanka yana tafasa, safe da yamma. Tururi ya rasa mafita, ya kwanta a jikin bango mai sanyi. Bango ya fara zufa, funfuna ta fito baƙi ƙirin. Sai jaririya Meram ta kama tari, ƙirjinta na ƙugi.

Nan kika ɗaura yaƙi. Kin kankare funfunar da wuƙa, kin dirje ta da toka, kin babbake ta da bakin wuta. Ta dawo. Ranar da na leƙo, na same ki da taɓarya kina dukan simintin yana tarwatsewa, hannunki duk jini. Na ce, "Ya Kaka, ki bari damina ta wuce mu kira magini."

Kika ce, "Salisu, tarin yarinyar nan zai jira damina? Ko ni ko bangon nan!"

Ƙasar da ke ciki ta riga ta jiƙe kamar kunu. Ashe simintin ne kaɗai ke riƙe da ita, ba wanda ya lura.

Ran Talata hadari ya taso, iska ta yaye kwano, ruwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya. Sauda ta ce da bango ya tsage, kin fizgi jaririya kin danƙa mata, kin hankaɗa su waje har ta faɗi a tsakar gida. Azarar rufi ta sauko miki a kafaɗa, bango ya biyo baya. Da hannu muka tona, har faratanmu suka ɓalle. Bayan jana'iza na ɗauki gatari na far wa ragowar ginin, sai da aka riƙe ni. Zuciyata ba ta huce ba, har yau ina kuka.

Allah Ya jiƙanki, Ya Kaka. Ya karɓi shahadarki, Ya yalwata kabarinki, Ya sanyaya makwancinki. Ina miƙa ta'aziyya ga Mallam Kashim mijinki, da 'ya'yanki, da matan Yindiski. Sauda, ki daina cewa don ke ta mutu. Ki rungumi 'yarki ki ba ta nono, da ran mahaifiyarki aka fanshe ta.