Wuƙar Baba a Ranar Watanda

Shekarar da aka daina aiki da jiragen ƙasa masu cin kwal a Kafanchan, aikin Baba ya ƙare, domin shi ne mai zuba wa jirgi kwal. Ina aji biyar a firamare. Mama ta ce in har Kirsimeti ya wuce bai sami abin yi ba, sai mu koma ƙauyenmu can bayan Zonkwa. Makarantar ƙauyen a aji huɗu ta tsaya. Ba wanda ya ce mini karatuna zai ƙare, amma na gane, domin rigar makarantata ta ɗage har saman gwiwa, kuma da na roƙi Mama ta warware kalmasar ta ƙara mata tsawo, sai ta ce, "Bari tukuna mu gani."

Baba ya kafa 'yar maƙera a bayan ɗakin girki. A wurin aikinsa ya saba kallon maƙera, amma bai taɓa ƙera wani abu da kansa ba. Ya samo guntun sifirin mota, ya yi ta dukansa har ya zama wuƙar sara mai faɗi kamar tafin hannu. Ranar da zai gama, ina tsaye jikin bango ina kallo. Ya gasa ta har ta yi ja, ya tsoma bakinta kawai cikin gwangwanin baƙin mai. Hayaƙi ya tashi, kaji suka watse. Ya yi mata ƙota da icen maɗaci, ya kama ta da ƙusoshi.

Da ya wasa ta ya ajiye a kan turmi, na je na duba. Nan na ga wani siririn layi, kamar gashi, ya bi tsawon wuƙar kusa da kaifin. Na taɓa ganin irinsa a jikin tulun Mama kafin ya dare biyu. Na so in gaya wa Baba, amma duk lokacin da na buɗe baki sai in tarar yana duban wuƙar yana ɗan fito, abin da ya daɗe bai yi ba. Sai in haɗiye maganar.

A unguwarmu, jajibirin Kirsimeti ake watanda. Mutanen majami'a su haɗu su sayi sa, a yanka, a kasa naman, kowane gida ya ɗauki kashinsa. Wani dattijon mahauci Musulmi ake kira ya yanka, don maƙwabta Musulmi su ma su ci abin da za mu aika musu. Wannan mahaucin ne Baba ya roƙa ya gwada wuƙar a kan san. In ta yi, zai saya, ya kuma gaya wa 'yan'uwansa mahauta na kasuwa. In ba ta yi ba, shi ke nan.

Da safe Mama ta ba ni kwanon ɗauko kashinmu. Na bi bayan Baba zuwa gindin mangwaro na bayan majami'a. An riga an yanka, an feɗe, an shimfiɗa ganyen ayaba. Baba ya warware tsumman da ya naɗe wuƙar.

Mahaucin ya karɓa ya jinjina ta. "Mai kwal, wannan wuƙa ce ko shebur ɗinka ka taho da shi daga jirgi?"

Maza suka yi dariya. Baba ma ya yi, amma na ga yana goge tafin hannunsa a wando.

"Gwada dai, Malam."

"Zan gwada. In ta tashi sama, kowa ya kare idonsa."

Ya fara da tsoka. Wuƙar ta shige cinya kamar ana yanka gwanda. Wani dattijon ikilisiya ya ce, "Kai, madalla!" Mahaucin bai ko ɗago ba. Ya ce ko murfin gwangwani yana yanka tsoka in sabo ne, a bari a kai ga ƙashi.

Aka ɗora haƙarƙari a kan gungume. Na matsa gaba kaɗan, tsakanin ƙafafun manya, don in ga layin nan. Jini da kitse sun rufe shi. Na riƙe kwanon da hannu biyu har bakinsa ya yi mini shaida a ƙirji. Wata mata daga ƙungiyar zumuntar matan majami'a ta ce, "'Yar nan, ba ki da lafiya ne?" Na girgiza kai kawai.

Bayan haƙarƙari sai ƙashin baya, gaɓa-gaɓa. Daga nan mahaucin ya jawo ƙwaurin san, ya dubi Baba.

"Wannan da gatari nake yi masa. In bari?"

Na roƙi Allah a zuciyata Baba ya ce a bari.

"Sara," in ji Baba.

Sara na farko ya zame, wuƙar ta yi wata ƙara siririya da ban ji ta yi ba a da. Na rufe ido. Na ji sara na gaba, na ji wani abu ya tsage, wani abu kuma ya faɗo kusa da ƙafata. Na daɗe kafin in duba. Tsagin ƙashi ne, fari, da ɓargo a jiki.

Mahaucin ya sa aka zuba masa ruwa ya wanke wuƙar. Ya bi kaifin da farcen babban yatsansa, a hankali, daga gindi har tsini, yana neman giɓi. Sa'an nan, ba tare da ya wasa ta ba, ya jawo hanta ya yanko wani yanki siriri, ya ɗaga shi har hasken rana ya ratsa. Sai ya kai wuƙar kusa da kunnensa ya girgiza. Ni ma na ji: ƙwas, ƙwas.

"Ka ji?" in ji shi. "Ƙotarka ta yi lako-lako. Ƙusoshin nan na kwali ne? Da na ƙara sara biyu, da ƙarfen ya je ya gai da Fasto a ɗakinsa."

Fuskar Baba ta sauya. Ya miƙa hannu zai karɓi wuƙar, mahaucin ya janye.

"Ina za ka da ita? Ƙarfe ya yi, Mai kwal, ƙarfe ya yi. Ka sa mata ƙusa mai kauri, ka kawo mini ranar kasuwa. Ka haɗo da wata don ƙanena, amma a rage mata nauyi, shi ba ya cin tuwo kamar ni."

A hanyar gida, kwanon nama a kaina, na yi ta tara magana har muka kusa ƙofa. Sa'an nan na ce, "Baba, layin nan na jikin wuƙar fa?"

"Wane layi?"

Na nuna masa. Ya kawo ta kusa da ido, ya karkata ta ga rana.

"Ke kin gan shi? Nan ne iyakar inda mai ya sha. Ƙasansa tauri, samansa laushi, don kada ta karye. Da babu shi ai da na damu." Ya dube ni. "Tun yaushe?"

Na ce tun ranar da ya wasa ta. Sai ya sauke mini kwanon ya ɗauka da kansa.

Mama ta saurari labarin tana yanka albasa. Ta tambayi Baba ko mahaucin da gaske yake, ko dai barkwancinsa ne. Baba ya ce har da ta ƙanensa. Ta ci gaba da yankan albasarta. Amma da yamma, bayan an soya nama an aika wa maƙwabta, ta kira ni ta ce in ɗauko rigar makaranta da reza. Ta zauna bakin ƙofa tana warware kalmasar, ta ce in tsaya miƙe, in daina motsi.